Lacca da fosta, ko wata dabarar? Muhawarar iyaye kan matasa da lafiyarsu

Baban Sadik:
Assalamu alaikum jama'a. Kuɗin da muka tara don hutun ƙarshen zango ya kusa cika. Shawarar kwamiti ita ce a shirya lacca kan shaye-shayen matasa a filin firamare, a gayyato likita da malamin addini da jami'in NDLEA, sannan a buga manyan fostoci masu hoton huhun mashayin taba da na yaran da ƙwaya ta haukata, a liƙa tun daga bakin titi har cikin lunguna. Mai gyara ko ƙari ya yi magana kafin Juma'a, don mai buga fosta yana jiranmu.

Alhaji Garba:
Wa alaikumus salam. Madalla. A zaɓo hotunan da za su hana su barci. Yaran yanzu ba sa jin magana sai sun ga abin tsoro.

Malama Binta:
Baban Sadik sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Amma don Allah a ce wa mai fosta ya ɗan dakata. Ni 'yan aji biyar na sakandare nake koyarwa. A zangon nan na ce kowa ya yago takarda ya rubuta min illolin kodin da tiramol da shisha, kada ya sa suna. Wallahi abin da suka rubuto ya fi abin da ke cikin littafin da nake koyarwa da shi: ciwon ƙoda, hanta, jijjiga irin ta farfaɗiya, taɓin hankali, har da abin da ba zan iya maimaitawa a gaban iyayena ba. Takardar da ta fi kowacce cika, na gane rubutun mai ita. Yaro ne da duk makarantar ta san yana sha. To wanda ya san wannan duka, me fosta za ta ƙara masa?

Alhaji Garba:
Malama, ai gani ya kori ji.

Malam Nura:
Alhaji Allah ya ƙara girma, bari in sa baki, tunda fannin da na karanta a Zariya ke nan, ilimin halayyar ɗan Adam. Abin da Malama ta gani a ajinta masu bincike sun daɗe da ganinsa. A 1983 aka fara wani shiri a Los Angeles ta Amurka mai suna DARE. Ɗan sanda da kakinsa zai shiga aji ya yi wa yara bayanin illar ƙwaya, ya koya musu yadda za su ƙi karɓa. Shirin ya bazu zuwa yawancin makarantun ƙasar, aka zuba masa maƙudan kuɗi. Da aka bi sawun yaran bayan shekaru, aka gwada su da waɗanda ba a yi musu darasin ba, sai aka tarar kusan babu bambanci a shaye-shayensu.

Na “gani ya kori ji” ma an gwada shi. A shekarun 1970 a jihar New Jersey aka fara kwasar yara masu ƙiriniya a kai su gidan yari, fursunoni masu ɗaurin rai da rai su daka musu tsawa, su ba su labarin azabar da ke ciki. Duk wanda ya ga fuskokin yaran a ranar sai ya ce an gama, waɗannan sun shiryu. Daga baya Anthony Petrosino da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwaje 9 da aka yi a kan irin wannan shiri, suka tarar yaran da aka kai sun fi waɗanda aka bari a gida aikata laifi. Ba a tutar babu kaɗai aka tashi ba, ɓarna aka ƙara.

Maman Ummi:
Ikon Allah. To Malam idan ba jahilci ba ne, kuma ba rashin tsoro ba, mene ne? Ni dai na gaji da faɗa, muryata har ta dushe.

Malam Nura:
Maman Ummi, babban abin shi ne ido. Idon sa'o'insu.

A 2005 Margo Gardner da Laurence Steinberg na jami'ar Temple suka sa mutum 306 buga wasan tuƙi a kwamfuta. Kana tafe sai danja ta nuna ruwan ɗorawa. Ko ka taka birki ka tsira da makin da ka tara, ko ka ci gaba ka ƙara maki, amma kowane lokaci bango na iya fitowa ka yi karo ka rasa komai. Wasu sun buga su kaɗai, wasu kuma da sa'o'insu biyu a gefe. 'Yan shekara 13 zuwa 16 sun ninka kasadarsu idan akwai sa'o'i a wurin. 'Yan 18 zuwa 22 sun ƙara kamar rabi. Manya daga 24 zuwa sama kuwa ko a jikinsu, da 'yan kallo da babu duk ɗaya. A 2011 aka sake irin gwajin a cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, abokan ma suna wani ɗaki, ba su zuga kowa ba. Sanin cewa ana kallonsa kaɗai ya ishi sashen jin daɗi da ke ƙwaƙwalwar yaro ya ƙara tashi.

Dalilin da suka bayar shi ne sassan ƙwaƙwalwa ba tare suke nuna ba. Sashen da ke son daɗi da yabo yana kankama tun farkon balaga. Na bayan goshi, wanda ke sa mutum ya tsaya ya auna, ba ya gama ƙwari sai wajen shekara 25. Kamar a ba ka sabon babur mai ƙarfin inji alhali ba a gama ɗaure masa birki ba.

Abba:
Iyayena a yi min afuwa, yaro zai yi magana a gaban manya. Malam Nura kamar yana majalisarmu. Ban taɓa ganin wanda ya sayi shisha ya kulle ɗaki ya fara shi kaɗai ba. Yawanci bikin ranar haihuwar wani ne. An zauna, tukunya a tsakiya, tiyo yana zagawa daga hannu zuwa hannu, ga 'yan mata a gefe suna ɗaukar bidiyo. Idan ya iso kanka babu mai ce maka sha. Kallonka kawai ake yi. Ka miƙa gaba ba ka ja ba, sai wani ya ce “ku ƙyale shi, ɗan Mama ne,” a yi dariya, shi ke nan sunan ya bi ka har makaranta. A wannan lokacin wallahi huhun jikin fosta ba ya faɗo maka a rai. Abin da ke ranka kada a raina ka. Kuma yawancinmu mun yarda ruwan da ke cikin tukunyar yana tace dattin.

Sista Rahila:
Abba ƙanena, wannan ta ruwan ka cire ta daga kanka, ka kuma cire wa abokanka. Ruwa sanyaya hayaƙin yake yi don kada ya ƙona maka maƙogwaro, shi ya sa ake iya zuƙa da yawa. Tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa zama ɗaya na kamar awa guda, hayaƙin da mutum ke shaƙa yana iya kai na karan sigari 100 ko fiye. Ga kuma gubar gawayin da ke kai.

Abba:
Anti wannan kam ban sani ba.

Alhaji Garba:
To kun gani? Ga wanda bai sani ba nan. Ashe lacca tana da amfani. Sannan Malam Nura duk misalanka na 'ya'yan Turawa ne, waɗanda ke kiran ubansu da sunansa. Mu nan akwai kunya, akwai tarbiyya, akwai bulala.

Malam Nura:
Alhaji ka taɓo inda yake yi wa fannin namu ciwo. A 2008 Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallun ilimin halayya, ya tarar kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake bincike a kansu daga ƙasashen Turawa suke, waɗanda ba su wuce kashi 12 na al'ummar duniya ba. Don haka ƙorafinka yana kan hanya. Sai dai shi Steinberg ɗin ya fita waje. A 2018 ya fitar da bincike kan mutum sama da 5,000 'yan shekara 10 zuwa 30 a ƙasashe 11, ciki har da Kenya da Jodan da Indiya. A dunƙule abu ɗaya ya gani: son kasada yana hawa har wajen shekara 19 sannan ya fara sauka, kamun kai kuma yana ta ginuwa har cikin shekaru ashirin da wani abu. Abin da ya bambanta shi ne ƙofar da al'ada ta bar wa yaro a buɗe. A wani wuri giya ce, a wurinmu maganin tari ne da gudun babur ranar ɗaurin aure.

Maganar Abba da Sista kuma, ban ce bayani ba shi da amfani ba. Gyara takamaiman kuskure irin na ruwan shisha daban, tara yara a rana a yi musu ihu na awa uku daban.

Ustaz Kabiru:
Assalamu alaikum. Maganar aboki ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Manzon Allah (SAW) ya kwatanta abokin kirki da mai turare, abokin banza da mai zuga wutar maƙera, ko ya ƙona maka tufafi ko ka kwashi wari. Amma Malam Nura akwai abin da ya tsaya min. A shari'a da zarar yaro ya balaga alƙalami ya hau kansa. Idan muka fara cewa ƙwaƙwalwarsa ba ta nuna ba sai 25, ba mu ba su hujja ba? Gobe yaro ya sha ya ce laifin goshinsa ne.

Malam Nura:
Allah ya gafarta Malam, babu saɓani. Binciken da kansa ya nuna cewa idan hankali a kwance yake, ɗan shekara 16 yana auna abu kusan kamar babba. Ka zaunar da shi shi kaɗai ka tambaye shi, zai ba ka amsar da za ka ji daɗi. Valerie Reyna da Frank Farley ma sun nuna a 2006 cewa matasa ba sa ɗaukar kansu a matsayin waɗanda ba abin da zai same su, sau da yawa har zuzuta haɗarin suke yi fiye da yadda yake. Inda suke zamewa shi ne lokacin zumuɗi, ga ido, ga gaggawa. To hankalin da za a kama shi da shi yana nan. Abin da ya rage mana shi ne mu duba ina yake zama bayan isha'i, kuma da su wa.

Isa Mai Kemis:
Ni a bar ni in faɗi nawa, tunda duk lokacin da aka yi maganar nan mu ake harara. Tun da gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi a watan Mayun 2018 ban sake ajiye shi ba. Amma masu zuwa neman tiramol a shagona, da yawansu ba 'yan biki ba ne. Leburan gini ne, mai dako a Kasuwar Barci ne, yaro mai Keke ne da zai fita tun asuba har goma na dare don ya haɗa kuɗin balas ya samu na cefane. Zai ce maka “Oga jikina ne ya mutu.” In na hana shi, ga mai tebur can a tasha yana sayar da mai ƙarfin miligiram 225, alhali wanda aka yarda da shi 50 ne da 100, shi ma da takardar likita. Wannan yaron ba idon kowa yake ji ba, gajiya ce da talauci.

Malam Nura:
Gaskiya ne Malam Isa. Wasan tuƙi a kwamfuta bai san kuɗin balas ba. Wannan rukunin hanyarsu daban ce, kuma kuɗin da muka tara ba zai kai can ba.

Maman Ummi:
Ni fa gani nake duk yaran unguwar nan sun lalace. In ka cire ɗaya biyu, sauran sai addu'a.

Malama Binta:
Maman Ummi don girman Allah kada ki faɗi haka a gaban Ummi da yayyenta. Kuma wannan ne dalilina na biyu na ƙin fostar. Na ga rubutun da aka tsara za a sa a sama: “Ƙwaya ta cinye matasanmu.” Yaro ɗan aji biyu da bai taɓa sha ba, in ya karanta, abin da zai fahimta shi ne kowa yana yi, shi kaɗai aka bari a baya.

A kwas ɗin ba da shawara an koya mana aikin Wesley Perkins da Alan Berkowitz na 1986. Sun tarar ɗaliban jami'a suna zaton abokansu sun fi shan giya nesa ba kusa ba fiye da yadda suke sha a zahiri, kuma wannan zaton da kansa yana tura su su ƙara. Mu duba namu alƙaluman. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na 2018, ya ce mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi, wato kashi 14.4 na 'yan shekara 15 zuwa 64. Adadi ne mai tayar da hankali, ban musa ba. Amma ki juya shi: a cikin mutum bakwai, shida ba su taɓa ba a shekarar. Arewa maso yamma kashi 12 ne, kudu maso yamma 22.4. Kuma waɗanda suka fi sha 'yan 25 zuwa 39 ne, ba 'yan sakandare ba.

Alhaji Garba:
Wa zai faɗa wa ma'aikacin gwamnati gaskiya cewa yana shan wiwi? Ku ninka wannan lissafin.

Malam Nura:
Akwai masu ɓoyewa kam, musamman mata. Akwai kuma masu ƙari don burga. A binciken makarantun Turai har sunan wata ƙwaya da babu ita a duniya suke sakawa a takardar tambayoyi, Relevin, don su kama masu cika baki. Ko an ninka ɗin dai Alhaji, marasa sha sun fi yawa, kuma su ne ba a jin muryarsu.

Bari in kawo wanda na fi so, ko da yake a kan abinci ne. Christopher Bryan da David Yeager sun yi gwaji da 'yan shekara 13 zuwa 14 a Texas, aka buga a 2016. Rukuni ɗaya aka ba su darasin da muka sani, sukari yana kawo ƙiba da ciwon suga nan gaba. Ɗaya rukunin aka ba su rahoto irin na 'yan jarida: yadda kamfanoni ke hayar ƙwararru su haɗa abinci yadda zai kama mutum, su yi masa suna kamar mai gina jiki, su auna tallarsu kan ƙananan yara da talakawa. Washegari aka ba kowa zaɓin abin taɓawa, ba su san yana da alaƙa da darasin ba. Rukuni na biyu suka fi barin lemon kwalba da kayan zaƙi. A 2019 aka maimaita aka bi abin da suke saye a kantin makaranta har wata uku, sayen kayan banza a wurin yara maza ya ragu da kusan kashi 31.

Ba a ce musu za ku mutu ba. An ce musu wasu manya suna yi muku wayo. Matashi zai iya jure ciwon da zai zo bayan shekara talatin, amma ba ya jure a mai da shi wawa yau. Jihar Florida da wannan salon ta yaƙi sigari tun 1998.

Abba:
Wannan kam zai shiga. Lokacin da BBC ta fito da binciken kodin a 2018, abin da ya fi yawo a wayoyinmu ba yaran da aka ɗaure ba ne, wurin da aka ga ma'aikacin kamfani yana sayar da katan-katan ta bayan fage ne. Wani abokina cewa ya yi, “wato mu ne kasuwar.” Mai gidan shishan da muke zuwa ma ba ya bari ɗansa ya leƙo wurin.

Maman Ummi:
Tunda ga masana, a taimaka min da na barci. Yayan Ummi in ya dawo sallar asuba ya koma, sai na yayyafa masa ruwa. Dare kuwa ido biyu kamar mujiya. Babansa ya ce lalaci ne.

Sista Rahila:
Rabi lalaci, rabi halitta. Mary Carskadon ta jami'ar Brown ta nuna cewa da balaga ta zo, sinadarin da ke kawo barci yana jinkirin fitowa da dare, sai yaro ya kasa barci da wuri ko ya kwanta. Ga shi likitocin barci sun ce ɗan 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10. Ki lissafa: ƙwallon Turai a gidan kallo sai wajen goma ko sha ɗaya, ya dawo ga garaɓasar data ta tsakar dare, asuba biyar da 'yan mintuna, makaranta kafin takwas, Islamiyya da yamma. Yaron da ke yini a haka shi ne gobe zai nemi lemon ƙarin kuzari, jibi wani ya ce masa ga wata 'yar ƙwaya da ta fi shi aiki.

Malam Nura:
Maman Ummi gwada wannan. Kada ki karɓi “zan dinga kwanciya da wuri,” niyya ce kawai, kuma tsakanin niyya da aiki akwai tafiya. Peter Gollwitzer ya nuna cewa wanda ya ƙulla aikin da wani lokaci da wuri takamaimai ya fi cikawa. Misali, “idan na dawo daga isha'i na ci tuwo, zan sa wayata caji a falo.” Amma shi zai tsara da bakinsa, ba ke ba. Kuma wayar Babansa ma ta kwana a falon.

Maman Ummi:
Ta Babansa? Malam so kake a kore ni.

Baban Sadik:
Jama'a mu dawo kan kuɗi. An rushe mana fosta, to me za a gina?

Malam Nura:
Abu biyu nake gani. Na farko daga Birtaniya, shirin ASSIST, an buga sakamakonsa a 2008. Makarantu 59 a Ingila da Wales, yara sama da 10,000 'yan 12 zuwa 13. Ba malamai ne suka zaɓi jakadu ba. Yaran aka tambaya: wa kuke girmamawa, wa kuke jin maganarsa? Sunayen da suka fito, har da na 'yan bayan aji masu taurin kai, aka kwashe su kwana biyu aka horar da su, aka ce su koma su dinga sako maganar sigari cikin hirarsu ta yau da kullum. Yiwuwar shan sigari ta ragu da kusan kashi 22. A nan gida ma an gwada wani shiri mai darussa 12, Unplugged, a makarantun gwamnatin tarayya, wanda ke koyar da yadda ake ƙin abu ba tare da an ji kunya ba da gyara zaton “kowa yana yi,” kuma an ga ya rage shan giya.

Na biyu Iceland. A 1998 kashi 42 na 'yan 15 zuwa 16 sun bugu da giya a watan da ya gabata. A 2016 ya koma kashi 5. Masu shan sigari kullum daga kashi 23 zuwa kashi 3. Ba wa'azi suka ƙara ba. Sun cika wa yara yammacinsu da wasanni da kiɗa a ƙarƙashin mai horarwa, gwamnati na tallafa wa iyaye da kuɗin shiga, iyaye suka yi alkawarin ƙara zama da 'ya'yansu, aka kuma hana 'yan 13 zuwa 16 yawo bayan goma na dare a lokacin sanyi. Sai dai a yi hattara, ƙasar ko mutum rabin miliyan ba ta kai ba, tana da kuɗi, kuma a shekarun shan giyar matasa ya ragu a wasu ƙasashen Turai ma, don haka ba duka za a jingina wa shirin ba.

Alhaji Garba:
To ga magana. Dokar hana yawon dare. Da mu muka faɗa sai a ce mun cika tsauri, yanzu da Bature ya yi ta zama bincike. Wannan na sa hannu. Amma lacca ba za a fasa ba, na riga na yi wa Liman magana.

Sista Rahila:
Alhaji a yi laccar, amma a yi wa iyaye. Su ne ba su san alamomin farko ba, su ne kuma in abu ya ɓaci suke rasa inda za su nufa. Kowa a garin nan ya tuna abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta nan Kaduna a watan Satumban 2019, mutum sama da 300 a tsare a wani gida da ake kai yara gyaran hali, wasu da mari a ƙafa. Iyaye ne suka kai da yawansu da hannunsu, don ba su san wata hanya ba. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, ba sai mutum ya fara tsince-tsince a bola ake zuwa ba. Kuma kusan rabin matsalolin ƙwaƙwalwa kafin shekara 14 suke farawa. Yarinyar da ta daina cin abinci ta daina magana, wani lokaci kwalbar da aka gani a ƙarƙashin katifarta ba ita ce farkon ciwon ba, maganin da ta nemo wa kanta ne.

Baban Sadik:
To ga yadda na fahimta. Lacca ta koma ta iyaye, a masallaci bayan la'asar, Sista ta taimaka mana da likita, ta kuma sanar da iyayen da ke cocinsu. Kuɗin fosta a sayi ƙwallaye da riguna a yi gasar lunguna har hutu ya ƙare. Malama Binta da Abba su tambayo yaran sunayen waɗanda suke jin maganarsu. Alhaji da 'yan sintiri su zauna kan maganar dare, amma ban da duka.

Alhaji Garba:
Ban da duka mai yawa.

Zainab:
Baba a yi haƙuri, tun ɗazu nake karantawa ban ce komai ba. Duk tsarin nan na maza ne. Ƙwallo maza, majalisa maza, yawon dare maza. Binciken 2018 ɗin da Malama ta kawo ya ce a cikin masu sha huɗu, ɗaya mace ce. Mu ba a bakin titi muke yi ba, a ɗakin ƙawa ne, a gidan biki ne ranar ƙunshi, a zuba a robar lemo babu mai ganewa. Motsa jiki ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kashi 85 na 'yan mata 'yan 11 zuwa 17 ba sa motsa jiki yadda ya kamata, maza 78. Namiji ko Murtala Square ya tafi da safe babu mai tambayarsa. Ni in na ce zan fita gudu, kafin in kai bakin layi labari ya riga ni gida.

Hajiya Asabe:
'Yata kin yi gaskiya. Tsakar gidana babba ce kuma da katanga, ga keken ɗinki biyu suna zaune tun da na daina aiki. Ku zo Asabar da Lahadi, ku yi tsalle-tsallenku, mai son ɗinki ta koya. Zan zauna da ku ina sa ido.

Zainab:
Mun gode Hajiya, Allah ya ƙara arziki. Amma in kina zaune babu wadda za ta buɗe baki, kowa sai “ina wuni Hajiya” ta sunkuyar da kai. Ki ba mu tsakar gidan, Anti Rahila ta dinga leƙowa sau ɗaya a wata don masu tambayar da ba a yi wa uwa. Kuma Baba a raba kuɗin ƙwallon, a saya mana igiyar tsalle da raga ta wasan hannu.

Hajiya Asabe:
To ni ina ɗaki, amma taga a buɗe.

Baban Sadik:
Zainab turo min farashin ragar da igiyoyin kafin Alhamis. Malam Isa kai ma'aji ne, ka kira mai fosta ka ba shi haƙuri, in ya riga ya sayi takarda a biya shi kuɗinta.